Duwatsun Murhu Uku Na Kwalejin Barewa

Masu iya magana sun ce tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Sai an jera duwatsu uku sannan uwargida za ta ɗora girki hankalinta kwance. To haka sha'anin makarantar sakandare yake. Akwai aji, akwai filin wasa, akwai kuma fagen fasaha, wato rubuce-rubuce da muhawara da wasan kwaikwayo. In aka zare ɗaya daga cikinsu tukunya ta karkace, kowa kuwa ya san abin da ke biyo baya. A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin wata makarantar gwamnati da ta tsaya a kan duwatsun nan uku tsawon shekaru, wato Kwalejin Barewa ta Zariya, don mu ga abin da ta dafa wa ƙasar nan, da kuma darasin da ke ciki ga duk mai ɗa a makaranta.

Asalin makarantar

Ba a Zariya aka haifi Barewa ba, a Katsina aka yanke mata cibiya. An kafa ta a shekarar 1921, sannan Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Hugh Clifford, ya buɗe ta a hukumance a 1922. Sunanta na farko Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina. Kafin nan akwai makarantar da Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, daga ita kuma aka yi ta buɗe makarantun lardi a manyan garuruwan Arewa. Matsalar da ta taso ita ce ta malamai. Makarantu sun fara yawa, masu koyarwa babu. Don haka aka ga ya kamata a yi wuri guda inda za a tattaro zaƙaƙuran yara daga kowane lardi, a horar da su shekara biyar, su koma gida su koyar.

Zaɓen Katsina kuwa ba da ka aka yi shi ba. Gari ne da ya daɗe da suna wajen ilmi, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Ga shi kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko mutum ne mai son sabon abu in ya ga amfaninsa, ya kuwa ba makarantar goyon baya. Ginin na jar ƙasa ne, irin na magina Hausawa, yana nan a birnin Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, aka riƙa kiranta Kwalejin Kaduna. A 1949 ta sake yin ƙaura zuwa Zariya, inda take har yanzu a kan hanyar Gaskiya. Ta yi zamani da sunan Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka raɗa mata sunan Barewa, saboda hoton barewa da ke jikin tambarinta. Takenta da Larabci ne, "Man jadda wajada", ma'ana wanda ya dage zai samu.

Akwai wata al'ada da makarantar ta riƙe tun daga Katsina. Duk yaron da aka ɗauka sai a ba shi lamba, lambar kuma ba ta komawa baya, ɗorawa ake yi. Ahmadu Bello shi ne mai lamba 87, Abubakar Tafawa Ɓalewa 145, Yakubu Gowon 783. Shi ya sa in tsofaffin ɗalibai suka haɗu, ba a tambayar waye babba. Lamba ce ke raba gardama, kuma ko kai Minista ne, in lambarka ta fi ta wani yawa, to kai ne ƙane.

Dutse na farko: aji

Karatun Katsina ba na wasa ba ne. Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ga kuma Larabci da addini a hannun malamai 'yan ƙasa. Cikin waɗannan malamai akwai Malam Bello Kagara, wanda za mu sake cin karo da sunansa nan gaba. Abin da aka fi sanin ɗaliban Katsina da shi shi ne Turanci. An matsa musu lamba ƙwarai wajen furuci da karatu a bayyane, har ya zama in ɗan Katsina ya buɗe baki, ba sai an gaya maka inda ya yi karatu ba. Muryar nan ta Tafawa Ɓalewa da ake wa kirari da muryar zinariya, wadda duniya ta saurara a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 lokacin da aka karɓi Nijeriya cikin majalisar, a ajin Katsina aka wasa ta tsakanin 1928 da 1933.

Waɗanda suka fito da farko duk aikin malanta suka kama, domin abin da aka horar da su a kai ke nan. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato yana koyarwa, kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi. Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, shi ma da alli ya fara a Barno. Sa'adu Zungur kuwa daga Katsina ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a 1934, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Shehu Shagari ya gama Kwalejin Kaduna a 1944 ya koma Sakkwato yana koyar da kimiyya.

Bayan an koma Kaduna da Zariya sai manhaja ta faɗaɗa, kimiyya ta sami gindin zama, aka shiga rubuta jarrabawar kammala sakandare irin wadda ake yi a sauran manyan makarantun ƙasa. Daga wannan zubi ne aka sami irin su Farfesa Iya Abubakar masanin lissafi, da Farfesa Jibril Aminu likitan zuciya, da Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 1995, da Malam Adamu Ciroma. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar shi ma can ya yi. In ana batun shugabancin ƙasa kuwa, mutum biyar da suka riƙe Nijeriya sun zauna a kan bencin wannan makaranta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Amma fa a faɗi gaskiya, komai ɗacinta. Turawa ba don su yi mana shugabanni suka gina makarantar ba. Malamai suke so da ma'aikatan En'e waɗanda za su taya su tafiyar da mulki, kuma suna so su raba yaran Arewa da irin wayewar 'yan bokon Kudu, wadda ta riga ta fara damunsu. Yaran da ake ɗauka kaɗan ne ainun, da yawansu kuma 'ya'yan sarauta ne ko na manyan malamai. 'Ya'ya mata ba su da rabo a ciki. Shekara da shekaru Arewa duk faɗinta ta dogara da wannan makaranta guda, alhali Kudu na da sakandare barkatai na gwamnati da na mishan. Wannan giɓi mun daɗe muna biyan bashinsa. Sai dai abin da mai shuka ya nufa daban, abin da ya tsiro daban. Yaran da aka koya wa Turanci don su yi biyayya, da Turancin suka nemi 'yanci.

Dutse na biyu: fili

A makarantar nan wasa dole ne, kamar yadda shiga aji yake dole. Da la'asar ta yi kowa sai ya fita, babu zancen ni ɗan sarki ne ko ni ba na so. Ana buga ƙwallon ƙafa da kurket da hoki, ana guje-guje da tsalle-tsalle. Amma wasan da ya zama tambarin Katsina shi ne fayis.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fayis wasa ne da ake yi a wani ɗan ɗaki mai bango uku, ba shi da bango ta baya. Mutum biyu ne ke karawa da mutum biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. A jikin bangon hagu akwai wani tudu da ya turo ciki, wanda in ƙwallo ta same shi ba ka san inda za ta nufa ba. Asalin wasan daga makarantar Eton ta Ingila yake, wani malami Bature mai suna Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920, shi ya kawo shi. A nan gida da ƙwallon tanis ake bugawa. Ɗaliban Katsina da suka koma lardunansu suna koyarwa sun tafi da wasan, shi ya sa za ka tarar da ɗakunan fayis a Sakkwato da Birnin Kebbi da Katsina da Kano da Zariya. Sardauna ya riƙe wasan nan har ya zama Firimiya, yana tuɓe babbar riga ya shiga fage. Abin mamaki, wasan da a Ingila sai a makarantun 'ya'yan masu hali ake yinsa, a Arewa ya zama na kowa, har 'yan kallo ke cika wuri.

Me fayis ke koya wa yaro? A bisa al'adar wasan babu alƙali. 'Yan wasa su ne ke yi wa kansu hukunci. In ƙwallo ta yi tsalle biyu kafin ka buga, kai ne za ka faɗa da bakinka, ko da abokin karawarka bai gani ba. Yaron da ya shekara biyar yana faɗin gaskiya a kan abin da zai sa ya faɗi wasa, ai an koya masa wani abu da ba a rubuta shi a allo.

A zamanin Zariya wasanni sun ƙara bunƙasa. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista da ya tashi a Wusasa, shi ne golan makaranta, ya yi fice a tseren dogon zango da tsalle da sanda, ya kuma shugabanci 'yan damben zamani. Daga makaranta ya shiga soja a 1954. Irinsa suna da yawa: Zakariya Maimalari, Hassan Usman Katsina, Muhammadu Shuwa, Murtala Muhammed. Ba abin mamaki ba ne da aka fara Gasar Wasanni ta Ƙasa a Ikko a 1973, a zamanin mulkin Gowon, don a ɗinke ɓarakar da yaƙin basasa ya bari. Mutumin da ya ga yadda fili ke haɗa Babarbare da Banufe da Bakatsine da Bayarben Ilori a ƙungiya guda, ya san maganin da wasa ke yi.

Tsarin gidajen kwana shi ne ya riƙe wasannin. An raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa: Bello Kagara, Ɗan Hausa, Nagwamatse, Lugard, Clifford, Malam Smith, Mort, Ja'afaru, Sulaimanu Barau da sauransu. Gasa tsakanin gidaje ake yi, saboda haka yaro ba don lardinsu ko ƙabilarsu yake gudu ba, don gidansu yake yi. Manyan ɗalibai ke kula da ƙanana, su tashe su, su duba tsabtarsu, su fitar da su fili. Nan yaro ke fara ɗanɗana shugabanci, ya san daɗinsa ya san wahalarsa.

Dutse na uku: alƙalami da dandali

Wannan shi ne dutsen da aka fi mantawa da shi in ana ba da labarin Barewa, alhali kuwa duk mai karanta Hausar boko ya ci moriyarsa. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar ne suka yi fice aka buga su: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Uku daga ciki daga Kwalejin Katsina suka fito. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ne, tsohon ɗalibi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, shi ma tsohon ɗalibi. Ganɗoki kuwa na malaminsu ne, Bello Kagara, wanda kuma yayan Imam ne. Ka ga ashe ƙagaggen labarin Hausa na boko, in aka bi salsalarsa, rabinsa da ɗoriya ɗan wannan makaranta ne.

Abin bai tsaya nan ba. Imam ya zo ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku a ƙarshen shekarun 1930, sannan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939. Shaihu Umar an mai da shi wasan kwaikwayo, daga baya Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Sa'adu Zungur ya zama jigo a rubutattun waƙoƙin siyasa da na farkar da jama'a. Shehu Shagari, malamin kimiyya, shi ya rubuta Waƙar Nijeriya, wadda yara suka daɗe suna koyon labarin ƙasa da ita.

Malam Aminu Kano kuwa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda ya gama a 1942, yake rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, ɗalibai na yi a dandali. A cikinsu yana zambo ga 'yan damfarar kasuwa da masu danne talaka. Wanda ya san abin da NEPU ta tsaya a kai bayan kafa ta a 1950 zai gane cewa a dandalin makaranta aka fara gwajin. Haka ita ma muhawara. Ɗalibai sun saba a ba su batu, wannan ya goyi baya wancan ya soka, a yi ta fafatawa da hujja ba tare da zagi ba. Da suka fita duniya ba su bar halin ba. A Bauchi a farkon shekarun 1940 Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa sun haɗu a wani zauren tattaunawa suna tone-tonen yadda ake mulkin En'e. A 1950 Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a yi wa En'e garambawul, a gaban Turawa da wakilan sarakuna. Wanda bai saba tsayawa gaban jama'a tun yana yaro ba, gwiwarsa ba za ta ɗauke shi ranar ba.

Ba Barewa kaɗai ba

Mu da ke zaune a Kurmi muna da shaida a kusa da mu cewa wannan ba sirrin Arewa ba ne. Kwalejin Sarki ta Ikko, King's College, an kafa ta a 1909. Kwalejin Gwamnati ta Badun da ta Umuahia duk a 1929 aka buɗe su. Ta Badun ce ta yaye Wole Soyinka, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1986, da Cyprian Ekwensi. Ta Umuahia ta yaye Chinua Achebe da Christopher Okigbo da Elechi Amadi da Chukwuemeka Ike. A Umuahia har doka wani shugaban makaranta ya kafa, cewa a wasu ranaku bayan an tashi daga aji ba a yarda yaro ya taɓa littafin darasi ba, sai dai ya tafi fili ko ya ɗauki littafin labari a laburare. A Ikko kuma gasar ƙwallo ta makarantu ce ta fito da irin su Henry Nwosu da Stephen Keshi daga St. Finbarr's ta Akoka. Ko'ina ka duba, girkin iri ɗaya ne, duwatsun nan uku ne.

Ina aka kwana?

Daga shekarun 1970 abubuwa suka sauya. Kuɗin mai ya shigo, aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, UPE, a 1976, yara suka yi ambaliya zuwa sakandare. Wannan alheri ne babba, domin ɗan talaka da 'ya mace sun sami ƙofar da a da take rufe. Sai dai ba a ƙara azuzuwa da malamai daidai da yawan yaran ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, makarantun gwamnati a duk faɗin ƙasa suka ji jiki. To in kuɗi ya yi kaɗan, me ake fara yankewa? Kayan wasa, da littattafan laburare, da malamin zane da na kiɗa. Filayen wasa da dama an yanka su an yi azuzuwa ko shaguna. Makarantun kwana da yawa sun koma jeka-ka-dawo, yammacin da a da ake wasa da muhawara ya tafi a hanya ko a talla. Abin da ya rage shi ne haddar amsa don a ci jarrabawa. An zare duwatsu biyu, an bar tukunya a kan ɗaya, sannan ana mamakin yadda miya ke zubewa.

Barewa ta cika shekara ɗari a 2021. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tana daga cikin masu ƙarfi a ƙasar nan, kuma ta sha tara kuɗi don gyaran gine-gine da tallafa wa makarantar. Wannan abin koyi ne. Amma makarantar unguwa da 'ya'yanmu ke zuwa a Agege ko Mokola ko Shagamu ba ta da tsofaffin shugabannin ƙasa da za su tuna da ita. Iyayen yara su ne gatanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an kira taron iyaye da malamai, a daure a rufe shago na awa biyu a je. In an je kuma kada tambaya ta tsaya a kan na nawa yaro ya zo a aji. A tambaya ko akwai ranar wasanni, ko akwai ƙungiyar muhawara, ko laburare na buɗewa. In yaro ya dawo gida ya ce an sa shi cikin 'yan gudu ko 'yan wasan kwaikwayo, kada a ce masa shiririta ce, a bar shi ya yi, a dai sa ido a kan karatunsa da tarbiyyarsa. Ƙwallo guda da raga, ko littattafan labari ashirin na Hausa da Turanci, ba su fi ƙarfin aljihun mutum biyar in sun haɗa hannu ba. Mutanen da muke ambaton sunayensu da girmamawa a yau, da alli da ƙwallon fayis da alƙalami aka gina su, kuma a makarantar gwamnati. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuriya.